Wayar Suruki a Ɗakin Wayalis

Maigidana ya yi shekaru yana gaba da wani sauti da ni na raɗa wa suna. Na ce masa suya, domin in ka ɗora abin sauraro a kunne haka za ka ji shi, shuuu, kamar an tsoma tarwaɗa cikin mai mai zafi. Akwai sunan da aka koya masa a makarantar waya can kudu, amma bai daɗe da aurena ba ya yar da nasu ya kama nawa. Ya rasu da damanar da ta wuce. Tun da na fita takaba ba abin da ke yawan dawo mini kamar shekarar da babana ya kusa raba shi da aikinsa saboda tsabar alheri.

A lokacin Turawa sun ɓata da junansu. Na gefenmu ba sa ga maciji da Faransawan da ke riƙe da Dahome, sai aka kafa ɗan ofis a garinmu, bakin iyaka, yamma da Bagudo. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa, da 'yan doka huɗu masu son barci, da akwatin wayalis. Dattawan da suka ga shigowar Nasara ta kogi suna nan da ransu, babana yana cikinsu, suna cewa daɗin wannan faɗan shi ne ba mu ake duka ba. Aka kawo Malam, wanda ya zama maigidana, ya riƙe akwatin. Sau biyu a yini, da hantsi da bayan la'asar, zai zauna ya saurari abin da ake bugo masa daga Birnin Kebbi, tit-tit-taa, ya rubuta. Sannan ya murɗa ya nemi jirgin gwamnati da ke yawo a Kwara, ya sake murɗawa ya kwafe abin da Faransawa ke buga wa junansu, ko da bai san ma'anarsa ba. Ni 'yar masunta ce, garin namu ne, shi baƙo. Da aka ɗaura mana aure aka ba mu gidan da ke jingine da ɗakin waya, akwai ƙofa ta ciki tsakaninsu.

A shekara ta uku kunnen Malam ya fara nauyi. Shi ya ce maganin zazzaɓin Turawa ne ya yi masa, ni na ce tsawar da ke faɗa masa a kunne ce duk damana. Bai taɓa faɗa mini da baki ba. Wata rana dai ya kira ni ɗakin, ya ɗora mini abin sauraro a bisa kallabi, ya ce in gaya masa tsakanin saƙon da suyar wanne ya fi ƙarfi. Daga nan na gane. Na kuma gane abin da yake tsoro. In Baturen waya ya sani, ranar aikin ya ƙare, don ba a ajiye kurma a ɗakin wayalis. Ba albashin ne ya fi damunsa ba. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne ya zauna a garin matarsa yana cin kifin surukinsa, yara suna nuna shi suna cewa da shi ne mai jin Birnin Kebbi. Ya sa na yi alkawari ba wanda zai ji, ko innata.

Cikin akwatin akwai kwalabe ƙanana a jere, in an kunna kowace sai ɗan garwashi ja ya bayyana a cikinta. Malam ya ce saƙo yana sauka ta wayar da aka ɗaura a sama yana raɗa-raɗa, kwalba ta farko ta karɓa ta ɗaga murya ta miƙa wa ta biyu, ita ma ta ɗaga, har ya iso kunne. Na ce ai liman da ladan ke nan ranar Idi. Ya ce haka ne, sai dai ladanin kirki ba ya maimaita tarin liman, kwalaben nan kuwa ba su da wannan hankalin. Kowace tana da tata suyar, amma ta farko ita ce muguwar, don duk abin da ta soya sai na bayanta su ɗauka su yayata tare da saƙon. Shi ya sa ƙara wa akwatin ƙarfi bai tsinana masa komai ba. Saƙo ya ƙaru, suya ta ƙaru, kunne mai nauyi kuwa ba ya iya tsince wannan daga waccan.

Dabararsa ita ce ya gina wani ɗan akwati mai kwalba ɗaya tak, mai shiru, ya ajiye shi gaban na gwamnati, ya zama shi ke fara karɓar saƙo ya ɗaga shi kafin ya faɗa hannun masu suya. Da Birnin Kebbi kaɗai yake saurare da abin ya zo da sauƙi, sai ya ƙuntata ƙofar akwatin daidai muryarsu, suya ta rasa ta inda za ta shigo da yawa. Amma akwai jirgi, akwai Faransawa, su kuma ba sa zama wuri ɗaya, yau suna nan gobe suna can kamar masu tallar nono. Yana son ƙofa mai faɗi da kowa zai shigo lokaci ɗaya ba sai an murɗa ba, kuma yana son shiru. Na ce Malam, kasuwar Dole Kaina kake nema ranar cinta, amma ba ka son hayaniya. Ya ce ita ɗin ce.

Ni na zama kunnensa. Akwai kwalabe shida na ajiya, ya riƙa sa su ɗaya-ɗaya bayan ya cire wayar sama, ina saurare ina ba su daraja: wannan giwan ruwa take soyawa, wannan karfasa, wannan 'yan ƙananan kifi. Ba wadda ta yi shiru. Sai aka kawo majigi Bagudo don a koya wa mutane tonon masai. Malam ya tafi, bai kalli farin ƙyallen ko sau ɗaya ba, yana bayan na'ura da mai majigin. Mutumin ya nuna masa wani ɗan idon gilashi da ke karanta hasken da ya ratsa gefen fim, daga nan muryar majigi take fitowa. Abin da idon ke bayarwa bai kai numfashin sauro ba, don haka kwalbar da ke bayansa zaɓaɓɓiya ce, mai shiru. Yana da guda ta ajiya. Kwandon banda ɗaya ya raba shi da ita, bandar babana ce kuwa, kuma har ya koma ga Allah bai san inda kwandon ya tafi ba. Da na saurari wannan kwalbar sai na zaci ba a kunna ba.

Sauran aikin ya ci mana wata biyu. Malam ya yi naɗin waya a kan guntun gora, ya ce naɗi shi kaɗai ɗan son kai ne, tasha ɗaya yake zaɓa ya yi wa sauran kunnen uwar shegu. Maganinsa wani ɗan abu ne kamar kashin ɓera mai zanen launi, in an haɗa shi da naɗin sai ƙofa ta buɗe. Amma kashin ɓeran shi ma da tasa suyar yake zuwa. Wani ya buɗe ƙofa sosai ya cika kunne da suya, wani ya yi shiru amma Faransawa su ɓace. Muka yi ta canzawa. Ni ke gasa masa ƙarfen narka dalma a murhuna, in ruga da shi kafin ya huce, har tuwona ya riƙa ƙanshin ofis. Ya yanka garwar kananzir ya yi wa akwatin gida da murfi, don kada ya kwashi surutun da ba nasa ba. Da ya ga kwalbar tana amsa kuwwa duk lokacin da nake daka, ya yi mata shimfiɗa da audugar rimi, ni kuma ya kafa mini dokar taɓarya. Akwai wani ƙarfe da ya kafa a ƙasa bayan ɗakin, wanda ba ya aiki sai da laima, sai ya umarci 'yan doka su riƙa alwala a kansa. Sajensu, wanda goshinsa bai san tabarma ba, ya ce shi ma yana da gudummawar da zai iya bayarwa. Malam ya ce tasa ta ma fi aiki saboda gishiri, amma ya bari sai ba mata a kusa.

Babbar dokar ita ce ta wayar da ke shiga hular kwalbar, wato ɗan ƙarfen da ke bisa kanta. Kada ta wuce tsawon ɗan yatsa, kuma murfin garwa ya zauna a rufe. Ya ce duk abin da aka ƙara mata a nan suya yake jawowa, kuma yana cinye tashoshin da ke can ƙarshen akwati. Ya faɗa mini wannan ya fi sau ashirin, shi ya sa ba ni da bakin cewa ban sani ba. Ranar da muka gama ya ɗauki saƙon hantsi bai nemi a maimaita ko sau ɗaya ba. Ya cire abin sauraro ya ce in dafa shinkafa.

Bayan 'yan watanni takarda ta zo cewa Baturen waya zai biyo kogi nan da kwana goma, ya duba akwatuna da masu riƙe da su. Malam ya bi jirgi zuwa Bagudo neman ruwan batir, tafiyar kwana biyu, ya bar ofis a rufe da izini. A ranar farko sai ga babana.

Babana ba ya shiga gidan suruki, ko ƙofar ba ya bi in Malam yana nan. Kuma a iya sanina bai taɓa yanka igiya mai lafiya ba. In ta yi masa tsawo sai ya naɗe ragowar ya rataye, yana cewa wanda ya yanka igiya yau gobe zai nemi ƙari a tsakiyar ruwa. Dukiyarsa da ya fi ji da ita wata wayar jan ƙarfe ce, gaba ashirin da wani abu. Tun yana saurayi, lokacin da Turawan farko suka ja wayar tangaraho, ambaliya ta kayar da turaku, ƙugiyar mamarinsa na kamun kifi ta kamo masa ita. Maƙera sun roƙa, innata ta roƙa don munduwa, ya hana. Ranar nan da ita ya shigo, rataye a kafaɗa.

Ya ce in nuna masa inda magana ke shiga. Na buɗe murfin garwa. Ya sunkuya ya daɗe yana duban ɗan yatsan wayar nan.

"Wanga ɗan tsiriri shi ka jawo magana tun daga Birnin Kebbi?" in ji shi. "Ko fatsa ba a zuwa da igiya awa wagga."

Na ce Baba, shi ya ce a bar ta gajera. Ya ce rowar gwamnati ce, mutum mai kunya ba zai iya roƙon Bature ƙarin waya ba. Ya sa bakin wuƙarsa ya ɓalle dalmar, ya ɗaura bakin wayarsa a hular kwalba da ƙullin masunta, ya ɗaura ɗaya bakin inda ta gajeren ta fito, ya naɗe duk tsakiyar a gwiwar hannu, lafiyayyen naɗi, ya rataye a ƙusa kusa da batir. Murfin garwa ya ƙi rufuwa, ya jingine shi a bango. Ina tsaye ina kallo. Ban taɓa ce wa babana a'a ba, kuma in faɗi gaskiya, naɗin ya yi kyau har na fara tunanin ko Malam ne bai sani ba.

Da Malam ya dawo ya tarar da babana zaune a gindin tsamiyar ƙofar ofis, abin da bai taɓa yi ba. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, suka gaisa kowa yana duban ƙasa. Ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito ya sake durƙusawa ya yi godiya, ya ce Allah ya bar zumunci. Da la'asar ya ɗora mini abin sauraro. Kamar duk matan bakin kasuwa sun haɗa kaskonsu a kunnena. Birnin Kebbi tana can ƙasa kamar sauro a cikin tulu, Faransawa kuwa ko alamarsu.

Na ce to mu cire in lokacin saƙo ya yi, mu mayar in an gama. Amma babana ya riga mu. Kullum da hantsi da la'asar yana gindin tsamiya, da abokansa biyu ko uku, a gefen da ake hango ƙusa ta taga, suna kallon wayarsa tana aiki. Labari ya zaga gari cewa wayar da ta ƙi maƙera ta ƙi munduwa yau ga ta tana magana da Birnin Kebbi.

"Da in kwance ƙullin surukina a gaban abokansa," Malam ya ce mini, "gara Bature ya kore ni."

Na ce in an kore ka kifinsa za ka ci har ka mutu. Ya ce ya sani. Ya gwada duk abin da ya san ba zai yi ba. Ya ƙara kwalba a baya, suyar ta ƙara mai. Ya kifa ƙwarya mai rufin kwano a kan naɗin, abin ya ƙara lalacewa. Kwana uku yana rubuta saƙo da giɓi kamar haƙoran tsohuwa, yana roƙon a maimaita, har na Birnin Kebbi ya bugo masa wata kalma da Malam ya ƙi fassara mini. Ya daina cin abinci sosai. In ya zauna sai ya riƙa murza bayan kunnensa da babban yatsa, kamar zai lallashe shi.

Saura kwana huɗu na yafa mayafi na gangara bakin kogi. Na tarar da babana cikin jirginsa yana gyaran mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa cikin ruwa. Na tsuguna a gaɓa. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗi maganar ba tare da na karya alkawari ba, amma bai bar ni na fara ba.

"Kunne nai ya yi nisa, ko ba shi ba?"

Ya ci gaba da gyaran ƙugiya.

"Ke, ɗiyata, kina cewa ba mu sani ba? Mutumin da ladan ka kiran salla bisa kai nai, shina tambaya ko lokaci ya yi."

Ya ce duk gari an sani, tun kafin a yanka garwar kananzir. Masu kifi sun sani, liman ya sani, 'yan doka sun sani. Kowa in zai yi masa magana sai ya ɗaga murya, in Malam ya yi mamaki a ce ai haka mutanen kogi suke, sun saba kira daga gaɓa zuwa gaɓa. Ba wanda ya ga dalilin kunyata baƙo mai mutunci. Shi kuma ya duba ya ga ba abin da zai iya yi wa surukinsa da baki, sai ya tuna in ruwa ya yi zurfi igiya ake ƙarawa. Shi ne ya sauko da wayarsa.

Ina duban mamarin da ke tare a ƙafarsa, sai na tambaye shi ko mamari yana kama kifi in yana naɗe cikin jirgi. Ya ce sai dai ya kama ƙafar mai shi. Na ce to tasa wayar cikin jirgi take. Ya ajiye ƙugiya ya dube ni, ya tambaya ina ruwan wannan abin yake. Na nuna masa sama. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya faɗi wata magana a kan Turawa da iyayensu da suka rasa inda za su zuba kifinsu sai sararin Allah.

"Ba ni yanka ta," ya ce.

Na ce ba wanda ya ce a yanka.

Washegari da sassafe ya zo shi kaɗai. Bai zauna a gindin tsamiya ba. Ya tsaya a bakin taga, ya juya mata baya, ya yi magana da bango da irin muryar da yake kiran jirgi daga tsallake.

"A gaya wa mai ɗakin ga, wayata ta gaji da zaman ɗaka. A miƙo min ita in kai ta ruwa."

Ina jin wannan ne karon farko da Malam ya ji maganar babana tun daga farko har ƙarshe. Ya kuma gane dalilin ƙarfin muryar. Ya juyo ya dube ni. Na girgiza kai, don ba daga bakina ta fita ba. Ya ɗauki naɗin daga ƙusa da hannu biyu, ya zame ƙullin daga hular kwalba ba tare da ya kwance shi ba, ya miƙa mini na miƙa ta taga.

Babana ya ɗaura dutse a siririyar igiya, ya karkace kamar zai jefa birgin kamun kifi, a jifa na uku ta haye giginyar da ke bayan ofis. Da ita aka ja wayar babana sama, aka haɗa ta da tsohuwar wayar gwamnati, ta miƙe tun daga giginya har tsamiya, da wuyan kwalba fasasshe a kowane ƙarshe don kada itace ya sha saƙon. Inda babana ya ƙulla, Malam ya bi ya zuba dalma a kan ƙullin yadda yake. Ya mayar da ɗan yatsan wayarsa, ya rufe murfin garwa. Doguwar waya ta canza halin akwatin, sai da ya rage zagaye biyu daga naɗin gora, muka sake zaman kashin ɓera yini biyu. Ba zan ce suya ta mutu ba. Wayar babana ta jawo tata ƙarar, ta tsawar da ake yi a wata ƙasa. Amma saƙon ya fi ta girma. Faransawa suka dawo, suna ta surutu kamar ba su taɓa tafiya ba.

Baturen ya iso da azahar, saurayi ne mai jan wuya, yana Hausar littafi. Ina bayan ƙofar ciki. Sai a lokacin na tuna abin da ba mu yi wa shiri ba, cewa Bature ba a akwati yake magana ba, kuma wannan muryarsa a maƙogwaro take tsayawa. Ya yi tambayar farko, Malam yana duban leɓensa. Kafin shirun ya yi tsawo sai saje, mai gudummawar gishiri, ya buga ƙafa ya ƙame, ya maimaita tambayar da muryar shela: Bature ya ce yaushe aka zuba wa batir ruwa. Baturen ya razana. Saje ya bayyana masa cewa al'adar ƙasar nan ce, babban mutum ba ya magana kai tsaye, sai an ɗaga masa. Abin ya yi wa Baturen daɗi. Daga nan duk abin da ya faɗa sai ya dakata a ɗaga masa. Da ya yi tari na ga saje ya buɗe baki, sai ya rufe. Daga baya na ji kifi ragon ruwa guda babana ya aika wa saje da shi.

La'asar ta yi. Baturen ya fito da takarda daga aljihu, saƙon da aka shirya za a bugo, ya kife ta a gwiwa. Malam ya ɗora abin sauraro, ya ɗauki fensir. Daga inda nake ina ganin bayan wuyansa da gumin da ke bin sa. Hannunsa ya fara tafiya, bai tsaya ba sai sau ɗaya, ya ci gaba. Da aka gama Baturen ya jera takardun biyu, ya bi su da yatsa. Harafi biyu Malam ya rasa. Baturen ya ce na garin da ya baro ya rasa tara, kuma ya ɗora wa damana laifi. Ya karɓi abin sauraro ya sa, ya ɗaga gira, ya murɗa nan ya murɗa can, sannan ya taɓa garwar kananzir da bakin takalmi ya tambayi mene ne wannan. Saje ya ɗaga. Malam ya ce maganin ɓera ne, ranka ya daɗe. Baturen ya rubuta cewa akwati lafiya, ma'aikaci lafiya, amma a fitar da garwa don tana ɓata tsarin ofis. Ba wanda ya fitar da ita.

Da jirgin Baturen ya sha kwana Malam ya shigo cikin gida ya zauna a kan turmina. Ya tambaye ni tun yaushe mutanen gari suka sani. Na matso kusa da kunnensa na ce tun kafin garwa. Ya murza bayan kunne.

"Ashe ni kaɗai labarin bai iso wa ba," ya ce.

Na zaci zai yi fushi, ko ya ƙi fita kwana biyu. Sai ya ce in zuba masa tuwo, ya ci ya ƙara. Da magariba ya tafi masallaci, da liman ya yi masa magana da ƙarfi bai yi mamakin da ya saba yi ba.

Ya riƙe akwatin har Turawa suka shirya aka rufe ofishin. Shi da babana ba su taɓa tayar da maganar kunne ba, ko ta waya, har babana ya rasu. Ranar da aka kwashe kayan gwamnati Malam ya sauko da wayar, ya naɗe ta a gwiwar hannu yadda ya ga ana yi, ya aika ni in mayar. Babana ya ce shi ba ya karɓar kyautar da ya bayar, sai muka ɗaura ta a tsakar gida nake shanya a kai.

A shekarunsa na ƙarshe ba ya jin komai na waje. Ya ce suyar ta ƙaura cikin kansa, kuma can ba kwalbar da za a canza. In ina son gaya masa abu sai in ƙwanƙwasa masa a tafin hannu da 'yan haruffan da na tsinta a bayan ƙofa, yana gyara mini kuskure yana tsaki. Kwana biyu kafin ya cika ya ce mini suya ta ragu. Na ƙwanƙwasa masa cewa madalla.

Kwalbar majigi tana cikin kwallata a naɗe da audugar rimi. Makon jiya maƙwabcina ya aiko a sam masa taƙi ɗaya na wayar shanya zai gyara mariƙin bokiti. Na ba shi aron bokitina.